Ruwan da Shanun Baffa Suka Ƙi

Ni mai gyaran wuta ne, shagona yana Jega Sabon Gari. In ka kawo mini fanka ko injin markaɗe ka ce "haka kawai ya tsaya," sai mun yi cacar baki kafin in taɓa shi. Wane irin haka kawai? Ko jaki ya turje a tsakiyar hanya da dalilinsa, kai ne dai ba ka sani ba. Mutane suna cewa na cika baƙar magana, ni kuwa na ce to, Allah Ya shirye mu gaba ɗaya.

Lissafin sana'armu ba shi da yawa. Malamin da ya koya mana shi mutumin Aliero ne, komai za a yi sai ya kai mu lambun albasa. Ya ce wuta kamar ruwan ban-ruwa take. Ƙarfin da ke turo ta shi ne bolt, yawan da ke gudana a cikin waya shi ne amfiya. In ka raba bolt da amfiya, ka san turjiyar hanyar da wutar ke bi, ana auna ta da om. In kuma ka yi bolt sau amfiya, ka san wat, wato yawan aikin da wutar ke yi, ko yawan ɓarnar da take yi. Shi ke nan fa. Da wannan nake ci da iyalina, ina yin sa a ka ba tare da na ɗauki biro ba. Amma akwai guda ɗaya da na yi a zauren gidanmu na Liba wanda har yau in ya faɗo mini a rai sai in tsaya cak, ko da ina tsakiyar kasuwa.

Mu mutanen Liba ne, ƙasar Maiyama. Mahaifinmu manomi ne, kuma yana da amini Bafillatani da muka tashi muna kira Baffa. Tun kafin a haife ni, duk shekara in an gama girbe gero da dawa, Baffa zai sauko da shanunsa gonarmu ta bayan gari. Shanu su ci kara, su bar mana taki, mu sha nono har ya gundure mu. Babu rubutu, babu ciniki. Su biyun za su zauna a gindin wata tsamiya da ke tsakiyar gonar, sai su daɗe ba wanda ya ce uffan, kuma a wurinsu hira ke nan. Da ciwon ajali ya kama mahaifinmu, ya tara mu ya ce, "Ko bayan raina, kada a wayi gari shanun Baffanku su rasa masauki a gonata." Ina wurin, Inna tana wurin, yayana yana wurin.

Yayan nawa shi ya riƙe gonar. Mutum ne mai sakakken hannu, rigar jikinsa ma in ka yaba zai cire ya ba ka, amma zuciya gare shi kamar fetur kusa da ashana. Ya ga yadda mutanen Aliero ke gina gidaje da albasa, ya ce shi ma ba a bar shi a baya ba. Ya haƙa rijiyar burtsatse a gefen gonar, ya sayo injin jan ruwa mai aiki da lantarki, ya janyo waya tun daga zauren gidanmu har lambun. Bai kira ni ba. A cewarsa jona waya ba sai mutum ya je makaranta ba, kuma ni in na zo sai na cika shi da surutu. Tsamiyar kuwa ya sare ta, don inuwarta tana faɗawa kan fangulan albasa. Inna ta yi magana, ya ce itace ne kawai.

Amma bai manta da Baffa ba, wannan kam zan shaide shi ko a gaban alƙali. Ya sa aka tsaga duron ƙarfe biyu aka yi kwamin shan ruwa, ya ɗora tanki a kan dakali, don shanun Baffa su huta da doguwar tafiya zuwa tafki. Ranar da Baffa ya sauka ya ga wannan, an ce ya daɗe yana shafa bakin duron yana sa wa Yaya albarka. Shanu suka sha, suka kwanta suna tuƙa. Haka aka yi ta yi har wurin ya zama taɓo saboda ruwan da ke zuba da takun kofato.

Sai wata rana suka ƙi. Suka taho da ƙishinsu kamar kullum, da suka kawo bakin taɓon sai suka ja tunga. Suka riƙa huci, suna ɗaga ƙafa suna saukewa, suna ja da baya, idanunsu a kan ruwan. Washegari suka sha lafiya lau kamar ba su ba. Bayan nan suka sake ƙi. Babu wanda ya iya gane ranar sha da ranar ƙi.

To, ka san ƙauye. Kafin ka ce kwabo magana ta zagaye gari: an sare tsamiya, masu ita sun rasa wurin zama, sun koma bakin ruwa. Dabba kuwa tana ganin abin da ɗan Adam ba ya gani. Matan da ke zuwa dashe da cirar ciyawa suka fara janye jiki. Wata dattijuwa a cikinsu ta rantse cewa ta taka taɓon ba takalmi, wani abu ya mintsine ta a fason ƙafarta. Yaya ya ce ƙarya take yi, ƙaya ce. Albasa kuwa ba ta jira, in ciyawa ta rufe ta an yi asarar shekara.

Baffa bai ce komai ba, kuma shirun nan nasa shi ya fi ƙona wa Yaya rai. Ranar da shanu suka ƙi, sai kawai ya kaɗa su ya nufi tafki, su ratsa ta gefen gari, kowa yana kallon garke guda ya baro kwami cike da ruwa. A wurin Baffa wannan kara ce, ba ya son ya faɗi abin da zai kunyata ɗan amininsa. A wurin Yaya kuwa, kowace irin wannan tafiya shela ce ake yi cewa gonarsa da iskoki.

Inna ce ta kira ni a waya. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ce, "Ka taho gida. Yayanka shina shirin korar Baffanku, kuma in hakan ta faru ina raye, ban san da wane ido zan kalli mahaifinku ba."

Na ɗaure jakar kayan aikina a bayan babur na kama hanya. Tun a hanya zancen dattijuwar nan yake yi mini yawo a ka, don mai gyaran wuta in ya ji an ce ruwa ya mintsini mutum, ba ƙaya yake tunani ba. Na zargi injin. Sai dai da na isa na tarar gari babu wuta, an kwana biyu ba a kawo ba. Na ɗora mitar auna wuta a jikin injin, a bututun, a duron, babu ko motsi, kuma dole, tunda babu abin da zai motsa ta. Da la'asar shanu suka zo, a kan idona suka tsoma baki suka sha har suka ƙoshi.

Yanzu in na ba da labarin sai mutane su ce, kai, ai abin a fili yake, ranar da ke da wuta su ƙi, ranar da babu su sha. A fili yake ga wanda ya ji ƙarshen labari! Wutar ƙauyenmu ba ta da lokaci, ta zo ta tafi yadda ta ga dama. Masu ganin ƙwan lantarki ya kama mata ne da ke cikin gida. Masu ganin shanu sun turje maza ne da ke gona. Yaya in ya samu wuta da safe yake tayar da inji ya cika tanki ya kashe, shanu kuwa sai la'asar suke zuwa, lokacin inji yana kashe, babu abin da zai nuna wa na gona akwai wuta ko babu. Ba wanda ya taɓa haɗa labarin cikin gida da na gona, har ni da nake taƙama da mita.

Da shanun suka gama sha, Yaya ya dubi Baffa a gaban mutane ya ce, "Ka gani ko, Baffa? Yau da ƙanena ya zo da na'ura sun sha. Mi ke hana su sauran ranaku? In ruwana bai yi muku ba a faɗa mini, ƙasar Allah da faɗi."

Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baffa ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana zana ƙasa da sandarsa, sannan ya ce, "Ɗana, ni ban ce ruwanka da komi ba. Su ne ba su gaya mini dalili ba."

Na ja Yaya gefe na ce masa, "Kai dai bakinka zai yanka maka wuya. Ka ba ni dama in kai injin nan a gwada shi a wurin da ke da wuta. Kafin nan ka rufe mana baki." Na tambaye shi wayar da ya janyo. Ya ce sabuwa ce dal, kuma ya binne ta a ƙasa tun daga bayan gida, saboda ɓarayin jan ƙarfe, kuma don kada shanu su harɗe da ita. Na kwance injin, na naɗe bakin wayar da salatef da kyau, na bar sauran ruwa a tanki.

Da safe na ɗaure injin a babur, na ratsa Jega na wuce Aliero, wurin wani abokina da ke gyaran irin waɗannan injuna wa masu lambu, yana da babban janareto. Lokacin kakar albasa ta fara, buhuna jibge a bakin titi, warinta har cikin ido. Muka jona injin. Bolt ɗari biyu da ashirin, yana jan amfiya uku da rabi. Na yi wannan sau wancan, ya ba ni wat ɗari bakwai da saba'in, kusan daidai da abin da aka buga a jikinsa. Muka auna gangar jikinsa, ba ya yoyon wuta ko kaɗan. Lafiyarsa ƙalau, ya fi ni lafiya ma. Abokin nawa ya kwashe da dariya ya ce, "To malam injiniya, sai ka koma ka nemo mai ruƙiyya, su mutanen tsamiya ba su shiga mita." Na taya shi dariyar, amma ba ta kai cikina ba. A hanyar dawowa har na fara tambayar kaina ko dai mutanen gari suna da gaskiya, ni da na sha yi wa masu irin wannan zance dariya.

La'asar ta yi sosai lokacin da na iso Liba. Ina jingine babur a ƙofar gida na hangi ƙwan zaure a kunne, ashe an kawo wuta tun bayan azahar. Ban san abin da ya sa ba, sabo ne kawai, na ciro mitar nan mai baki kamar ƙaguwa na maƙala ta a jar wayar da ta nufi gona. Ta nuna amfiya biyu.

Na waiga na kalli babur. Ga injin can ɗaure a bayansa. Ƙarshen wayar nan ni da hannuna na naɗe shi, ba a jone yake da komai ba. Wayar da ba a jona ta da komai ba bai kamata ta ja ko ɗigo ba. To wa ke shan amfiya biyu?

Na auna bolt, ɗari biyu, don wutarmu ba ta cika zuwa cikakkiya ba. Ɗari biyu a raba da biyu, om ɗari. Wannan ba turjiyar waya ba ce, ba ta inji ba ce. Turjiyar jiƙaƙƙiyar ƙasa ce. Ɗari biyu sau biyu, wat ɗari huɗu, suna tsiyaya cikin ƙasa a wani wuri tsakanin gidanmu da rijiya, kuma a duk tsawon hanyar nan wuri ɗaya ne tak ke da laima a cikin rani. Na fizge wayar daga allon wutar zauren gaba ɗaya.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne da murna na tafi gonar nan. Wallahi da murna. Na samo amsa, babu iska babu aljan, Baffa zai zauna, Inna za ta yi barci. Har ina shirya irin tsiyar da zan yi wa Yaya, shi da ya ce jona waya ba sai an je makaranta ba. Sai da na kusa na lura da shirun. Mutane cike a bakin lambu, shanu sun cure can gefe guda, amma ba ka jin komai, ko tari.

Jar saniya ce kwance a cikin taɓo, bakinta a jikin duron, ɗaya daga dogayen ƙahoninta ya nutse a laka. Uwar garken ce. Yaya yana zaune a ƙasa nesa da ita, wuƙa a gefensa, yana riƙe da hannunsa na dama yana kallonsa kamar ba nasa ba. Baffa yana tsaye a ɗaya gefen kwamin, bai ko waigo ba.

Abin da ya faru kafin in iso, Yaya da bakinsa ya ba ni labari daga baya, kuma bai rage wa kansa komai ba. Shanu sun zo, sun turje a bakin taɓo. Masu dawowa daga gona suka tsaya kallo, wani daga cikinsu ya ce da ƙarfi, "Masu gida sun dawo." Aka yi dariya. Yaya ya hau, ya ce wa Baffa yau dai ko su sha ko su tashi, ya gaji da zama abin nuni a garin ubansa.

Baffa ya dube shi, ya dubi mutanen, ya ce, "Ɗan abokina ba shi shan kunya ina tsaye."

Ya ajiye sandarsa, ya zagaya bayan kwamin da takalminsa na roba, irin wanda Fulani ke sawa. Bai daki kowace saniya ba, bai sa igiya ba. Kira ya yi. Jar saniyar nan uwarta ta mutu tana 'yar maraƙa, shi ya raine ta da hannunsa, kuma akwai wani kira da yake yi mata ita kaɗai, a hankali, can cikin maƙogwaro. In ta taho sauran za su biyo. Ta ɗaga kai ta dube shi. Ta sa ƙafa a taɓon ta janye. Ya sake kira. Ta shigo, fatar jikinta tana rawa, tana ɗaga ƙafafu kamar mai taka garwashi, ta tsaya a tsakiya tana huci. Ya sake kira, ya miƙa mata hannu. Ta ƙaraso, ta sunkuyar da kai, jiƙaƙƙen hancinta ya taɓa ƙarfen. An ce kukan da ta yi har cikin gari an ji shi.

Yaya ya zaro wuƙa ya ruga don ya yanka ta kafin rai ya fita. Yana dafa wuyanta aka yi jifa da shi gefe. Daga nan ba wanda ya sake matsawa, kowa ya tabbata mutanen tsamiya ne. Suna tsaye suna kallo har ta daina shure-shure, ta tafi mushe.

Na san na riga na fizge wayar a zaure. Na karɓi fartanya a hannun wani na shiga taɓon, mutane suna ta salati suna cewa in fito. Na haƙa kusa da ƙafar duron, ban yi nisa ba na ji lakar da ɗumi a hannuna. Ga ta nan. Wayar ta gaza kaiwa rijiya da ɗan kaɗan, sai Yaya ya ƙara wani guntu, ya murɗe su, ya naɗe da leda da robar tayar keke yadda kowa ke yi a ƙauye, ya binne. Lokacin da ya binne ƙasar a bushe take ƙamas. Daga baya ya kafa kwami a kanta, ruwa ya jiƙa ta, gara ta cinye ledar, jan ƙarfen ya fito tsirara, ya yi kore. Bai faɗa mini da ƙari ba don a wurinsa wannan ba abin faɗa ba ne.

Na ɗaga ta sama na ce, "Ga iskokinku nan." Na yi musu bayani. Sai ka ji ajiyar zuciya ta ko'ina, ana "ashe wuta ce, ashe wuta ce," har wasu sun fara murmushi, don wuta abar sani ce, ana iya kashe ta. Yaya kuwa ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa don su ya binne ta, don kada ta taɓa su ya binne ta.

Sai da mutane suka ragu Baffa ya matso kusa da ni. Ya daɗe yana kallon guntuwar wayar a hannuna.

Ya ce, "Ɗana, wanga abu, tun farko suna jin shi?"

Na ce, "Suna ji, Baffa. Duk ranar da ke da wuta."

"Ni mi ya hana in ji?"

Na nuna masa takalminsa. Na ce roba tana tare wuta. Su kuwa ƙafa huɗu ne a cikin laka ba komai, kuma tsakanin ƙafar gaba da ta baya da nisa, sai wutar ta shiga ta nan ta fita ta can, ta ratsa ƙirji. Tun daga bakin taɓo suke jin tana cizon su, kuma duk matsowa kusa ƙaruwa take yi.

Ya dubi takalminsa. Sannan ya ce, "Wato duk takun da ta yi zuwa wurina, tana jin shi."

Na so in ce a'a. Na buɗe baki ma. Amma mutumin nan ya goya ni a wuyansa ina yaro, kuma idonsa yana cikin nawa. Na ce, "Tana ji."

Ya gyaɗa kai, ya ce, "To, madalla. Allah Shi yi maka albarka." A ranar na gane da iskokin ne da ya fi masa sauƙi, don da sai a ce iska ce ta kashe ta, ba kiransa ba.

Yaya ya nemo karsana mai kyau ya kai masa har ruga, ya durƙusa. Baffa ya tashe shi ya ce tsakaninsa da gidan amininsa babu biya, kuma ya hana a sake tayar da zancen. Na ja sabuwar waya a sama kan turaku, babu ƙari ko ɗaya, na kafa ƙarfen da ke kai yoyon wuta ƙasa nesa da kwami. Shanun suka ɗan yi kwanaki suna ɗari-ɗari, daga baya suka koma sha. Matan dashe suka dawo, albasa ta yi kyau a shekarar. Baffa bai tashi ba sai da ruwan farko ya sauka, kamar yadda ya saba. Kowa ya ce alhamdu lillahi, zumunci ya tsira. Ni ma haka na ce, na koma Jega. Sai dai tun daga nan, in ina tafe a babur na ga saniya tsaye tana kallon ruwa ba ta sha, sai na tsaya, ko da tsakiyar daji ne inda babu waya ko ɗaya. Na sha yi wa kaina faɗa a kan haka, bai hana ba.

Da kaka ta zagayo shanu suka sauka gonarmu a kan lokaci, amma babban ɗan Baffa ne ya kawo su. Ya ce tsoho yana lafiya, yana gaishe mu. Shekara ta biye ma haka. Inna ta kasa haƙuri, ta ƙulla goro da gishiri ta ce in je in gano mata shi.

Da damina ta faɗi, na same shi a rugarsu, can yamma da Maiyama, zaune a kan buzu a ƙofar bukka. Bai rame ba, bai yi kama da mai ciwo ba. Ya yi murna da ni ƙwarai, ya tambayi Inna, ya tambayi Yaya da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har ya tsokane ni wai ko har yanzu ina yawo da ƙaguwar nan tawa a jaka. Sai da muka sha fura na ce masa Inna tana tsoron ko fushi yake yi da mu.

Ya ce, "Subhanallahi. Ka gaya mata ban yanke zumunci ba. Muddin akwai saniya ɗaya a gidan nan, a gonarku za ta kwana. Ni ne dai ba ni da abin yi a wurinsu."

Na ce wace irin magana ce wannan, shi da ya fi kowa sanin shanu a ƙasar nan.

Ya ce, "Saniya ba ta san ƙarya ba, ɗana. In ka kira ta, ta ɗauka inda kake lafiya ne. Ni kuwa ta gaya mini, ta sake gaya mini, na ce ta taho." Ya shafa maƙogwaronsa. "Tun ranar, in na buɗe baki zan yi kira, ba ya fita. Magana tana fita, salla tana fita. Shi kaɗai ne ba ya fita."

Muka zauna har rana ta yi sanyi. Can sai ga garken yana dawowa daga kiwo, ɗansa a gaba yana kiran su ɗaya-ɗaya, suna amsawa suna biyo shi. Na saci kallon Baffa. Ya miƙe zaune, idonsa a kansu, leɓɓansa suna motsi tare da na ɗan nasa, kira bayan kira, babu sauti. Shanun suka wuce ta gabansa suka shiga shinge, babu wadda ta waiwayo.